Batirin da Muka Ara wa Jidda a Hanyar Ngala

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci, a shago, har a layin shan mai, sai wani ya tare ni: "Bukar, ya Injamena? Da gaske zafinsu ya fi namu? Hanya tana biyuwa yanzu?" Na ba da labarin guntu-guntu har na fara rikita farkonsa da ƙarshensa. Shi ya sa na zauna in jera shi yadda ya faru.

Ni mai sayar da huluna ne a unguwar Gamboru, nan Maiduguri. Tafiyar ba tawa ba ce, ta Baba Modu ce, wan mahaifina, wanda yake zaune a gidana tun rasuwar matarsa. Tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar bandar kifi da wake. Ƙanwa ɗaya ta rage masa, gwaggona Ya Falmata, wadda aure ya kai Injamena tun kafin a haife ni. Da can suna ziyartar juna. Da rikici ya rufe hanya, zumuncin ya koma waya, wayar ma kunnen Baba ya yi nauyi, sai dai ya riƙe ta yana cewa "Na'am, na'am," ba tare da ya ji komai ba.

Bayan ƙaramar salla, bazara ta kankama, ya kira ni ya ce, "Bukar, ka kai ni in ga Falmata. Ba na so a kawo mini labarinta, ba na so a kai mata nawa."

Na gane abin da yake nufi. Ban yi musu ba.

Motata tsohuwa ce, don haka na nemi maƙwabcina Ishaku, mutumin Biu, mai gyaran wutar mota a Bolori. Ya yarda zai raka mu, mu riƙa karɓeɓeniyar tuƙi. Ya duba motar ciki da bai, ya ce komai lafiya ban da batir. "Wannan zai kai ka kasuwa ya dawo da kai gida," in ji shi, "amma hanyar Ngala ba wurin gwaji ba ce."

Baba ya ce ƙafarsa ƙafarmu wurin sayen sabo. Mai shagon ya fara nuna mana wani na hannu, ɗan Kwatano, an goge shi yana ƙyalli. Ya ce daga Turai ya zo, ƙarfe ne.

Baba ya ce, "Don ƙasar sanyi aka yi shi, kuma can ya bar ƙarfinsa. Kawo sabo."

Aka jera mana sababbi. Ishaku ya riƙa juya su yana neman hatimin watan da aka ƙera kowanne, don a cewarsa batir yana tsufa ko a kan kanta yake, balle wanda aka jibge a bakin shago rana tana dukansa. Baba kuwa ɗagawa yake yi da hannu biyu, wanda ya ji ba nauyi ya ture shi gefe, ya ce an yi rowar dalma a ciki. Sai gardama ta tashi tsakaninsu. Ishaku yana son rufaffe, irin wanda ba a ƙara wa ruwa. Baba yana son mai murfi.

"Baba, na yanzu ba sa shan ruwa kamar na zamaninku."

"Ɗana, zafin garin nan bai san zamani ba. Abin da ba zan iya buɗewa in ba shi ruwa ba, ba zan shiga daji da shi ba."

Ishaku ya yi dariya ya sallama. Muka ɗauki mai murfi, sabon ƙira, mafi girman da zai zauna a mazauninsa. Ishaku ya ɗaure shi tamau da ƙarfe don kada ya yi rawa, ya shafa girisi a kawunansa, ya jefa kwalbar ruwan batir a but.

Da sassafe muka shiga jerin motoci a bakin gari ta wajen tashar Muna. Wanda bai taɓa bin hanyar ba ya sani: ba a tafiya ɗaiɗai. Ana taruwa, sojoji su shiga gaba da baya, a tafi tare. Motar da ta tsaya, ayari ba zai kwana a daji saboda ita ba.

Baba yana gaba, ni ina tuƙi, Ishaku a baya. Daga Mafa zuwa Dikwa tsohon bai yi shiru ba. Yana nuna wurare da baki: nan akwai mai shayi da yake ba direbobi ruwan alwala, can akwai rijiya mai ruwan sanyi, gaba kaɗan kasuwar da ake kawo nono. Ina dubawa sai in ga bango ba rufi, ciyawa ta fito ta taga. Daga baya ya daina nunawa. Ya ɗora hannu a gwiwa yana jan carbi.

Bayan Dikwa, rana ta take, aka tsayar da mu a wani shingen bincike, aka ce kowa ya kashe mota. Da aka ba da izinin tafiya, motar da take gabanmu ta ƙi tashi. Ƙaramar mota ce, an ɗaure mata tabarmi, tukwane da fallayen kwano a sama har ta durƙusa. Mai ita wani dogon Bashuwa ne, sunansa Jidda. A ciki akwai mahaifiyarsa, da matarsa riƙe da jinjiri. Shekaru suka yi a sansanin gudun hijira a Maiduguri, ranar ce suke komawa Ngala.

Aka tura ta, ta tashi, ta yi ɗan gaba ta mutu. Ishaku ya ruga ya leƙa. Ya dawo ya ce altaneta, na'urar da take cika batir in mota tana tafiya, ita ce ta daina caji, batirin kuma ya tsotse ƙaf, ga shi tsoho. Ko an tayar da ita da waya, ba za ta yi nisa ba.

Wani soja ya zo, ba faɗa ba tsawa, ya ce wa Jidda, "Malam, ka yi haƙuri, ba za mu iya riƙe mutane a nan ba. A rarraba iyalinka a wasu motoci, ka bar ta."

Jidda ya dubi kayan da suke saman motar, ya dubi uwarsa. Duk abin da ya mallaka a duniya yana nan a ɗaure da igiya.

Ishaku ya sunkuyo ta tagarmu ya rage murya. "Akwai hanya ɗaya. Namu sabo ne, a cike yake, zai iya kai shi Ngala ko ba caji. Mu ɗauki nasa. Altanetarmu lafiya take, in an tura mu za mu tafi. Amma daga nan duk inda muka kashe mota, sai turi."

Ina tunanin ƙasashe biyu da suke gabanmu, da tsoho mai ciwon gwiwa a mota, da mutumin da ban taɓa gani ba. Baba bai ji duk abin da aka faɗa ba, amma ya ga jinjirin.

Ya ce, "Cire."

Ban taɓa ganin an yi musayar batir da sauri haka ba. Sifana tana ƙona hannu, Ishaku yana aiki da gefen rigarsa. Motar Jidda ta tashi da murɗawa ɗaya. Ishaku ya ɗaga murya yana ce masa, "Kada ka kunna fitila, kada ka kunna rediyo, kada ka kashe! Mu haɗu a tashar Ngala!" Wasu fasinjoji suka tura tamu, na sa giya ta biyu na saki kuloci, ta yi tari ta kama. Kafin mu daidaita, motoci da yawa sun shiga tsakaninmu. Sai a lokacin na tuna ko lambar waya ba mu karɓa ba.

Mun isa da la'asar. Na baro Gamboru da safe na sauka Gamboru da yamma, don garin bakin iyakar ma sunansa ke nan, yana manne da Ngala. Motoci suka watse kowa ya kama gabansa. Muka zaga tasha, ba Jidda ba alamarsa. Ishaku ya bar saƙo wurin wani mai shayi. Muka sauka a zauren wani dillalin kifi da ya san Baba tun zamanin babbar mota. Ya rungume shi yana ta gaishe shi da Kanuri, "Wushe, wushe," ya sa aka kawo burabusko da miyar bandar kifi. Zauren kansa warin kifi yake, tabarma, matashi, har butar alwala. Mun kwana biyu muna jin ƙarninsa a rigunanmu.

Da gari ya waye na ce mu dakata mu nemi mutumin.

Baba ya ce, "Ban zo jiran batir ba. In yana da rabon dawowa zai dawo. Ku tura mu tafi."

Gada ce kawai tsakanin Gamboru da Fotokol, garin da yake tsallaken iyaka, ruwan ƙarƙashinta a bazara bai kai gwiwa ba. Ka haye sai ka ga mutanenka ne dai, Kanuri da Shuwa, lafaya irin tamu, gaisuwa irin tamu, amma allunan duk Faransanci, kakin jami'an tsaro ma daban. Wani jandarma ya yi mini alama in kashe mota kafin a duba takardu. Na yi masa bayani da Hausa, Ishaku ya gwada da Turanci, Baba ya gwada da Larabcin Shuwa. Ya saurare mu duka a tsanake, sannan ya sake yin alamar. Na kashe. Da ya gama buga hatimi, ya ga mun fito muna naɗe hannun riga, sai ya gane. Ya tuɓe hularsa ya miƙa wa abokin aikinsa, ya sa kafaɗa. Da motar ta kama, ya ɗaga hannu yana dariya kamar shi ya ci gasa.

A Fotokol muka karya kumallo. Burodinsu dogo ne kamar damtse, ɓawon da tauri. Baba ya juya shi ya ce, "Wannan na ci ne ko na kora awaki?" Sai da ya jiƙa shi a shayi ya yarda abinci ne.

Hanyar Kusuri, garin ƙarshe kafin Injamena, ba kwalta a mafi yawanta. Ƙasa ce baƙa da ta bushe ta tsattsage, mota tana kaɗawa har haƙora suna haɗuwa. Iska ta taga kamar an buɗe tanda. Wajen azahar wani wari ya cika motar, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ishaku, wanda yake tuƙi, ya ce batirin Jidda ne yake tafasa. Bai tsaya nan take ba, sai da ya sami wata bishiya a kan ɗan tudu, inda za mu iya gangarawa ba turi.

Muka buɗe gaban motar muka bar ta ta sha iska. Cikin batirin ya kumbura, mazaunin batirin motarmu kuma ya yi masa girma, ya yi ta tsalle a hanya. Da ya huce, Ishaku ya kwance murafen a hankali, fuskarsa a kauce. Ruwan ya ja ƙasa har ƙarafan ciki sun fito fili. Ya ɗura masa daga kwalbar da muka taho da ita, ya cusa guntun katako a gefe don ya daina rawa.

Baba yana zaune a kan saiwa yana kallo. Ya ce a zamaninsa direbobin da suke zuwa Jos su ne masu kukan batir ya ƙi tashi da sanyin safe, har mutane suka ɗauka sanyi ne makashinsa. "Sanyi tona masa asiri kawai yake yi. Zafi ne yake cin sa a ciki, a hankali, kana tuƙi ba ka sani ba. Jiya lafiya, yau ka murɗa shiru." Sannan ya ce, "Shi ya sa na ce mu taho yanzu."

Ni da Ishaku muka dubi juna.

Batirin ya kai mu Kusuri, a bakin kasuwa ya mutu mutuwar da ko turi bai tashe shi ba. Muka bar motar a garejin wani makanike, muka ɗauki tasi muka haye gadar da ta shiga Chadi. A can ɗan Ya Falmata, Mahamat, yake jiranmu.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Injamena babura ne. Mu da muka yi shekaru ba mu ga babur a titin Maiduguri ba saboda an hana su, sai ga su kamar fari, ta hagu ta dama. Na tsaya a bakin titi na kasa tsallakawa, Mahamat ya kama hannuna kamar ɗan ƙauye. Zafinsu kuwa, ga masu tambaya, ba zan ce ya fi namu ba, amma sun fi mu girmama shi. Da rana ta take gari yake mutuwa, a ja ƙofofi, kowa ya nemi inuwa, direba ya gwammace ya yi tafiyar ƙafa da ya ajiye motarsa a rana. Mu nan muna ta fafutuka a tsakiyarta kamar muna jayayya da ita. Shayinsu ja ne, mai kauri, a ɗan ƙaramin kofi, sukari kamar za a yi alewa. Abincin gidan kisra ce, wata siririyar waina mai ɗan tsami da ake naɗewa a dangwala a miyar kuɓewa. Ishaku ya ci gasasshen naman raƙumi bai sani ba, ya yaba, da aka faɗa masa sai ya miƙa hannu ya ƙara.

Mahamat ya kai mu sayen batirin da za mu koma da shi. A nan Ishaku ya ga abin da har yau yake maganarsa. Mai shagon bai jera komai a waje ba. Kayansa suna ƙuryar ɗaki a kan katako, kuma a bushe, ba ruwa a cikinsu. Sai ka zaɓa sannan ya ɗura a gabanka, ya ce ka sha shayi ka jira ya jiƙa. Ya ce ta haka ranar da ka saya ita ce ranar da ya fara tsufa.

Amma na tsallake abin da ya kai mu.

Ya Falmata tana zaune a tabarma a rumfar tsakar gida, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Da muka shiga ta ɗaga kai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Baba ya tsaya a bakin rumfar, ya kasa sallama. Sai ta kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da uwarsu take kiransa yana yaro. Tsohon da yake raina mai kuka a gaban mutane ya durƙusa a kan gwiwoyinsa masu ciwo, ta kama kansa da hannu biyu. Ishaku ya fita waje. Ni ma na bi shi.

Kwanakin da muka yi, kullum suna rumfar nan. Ita sai ta sa bakinta a kunnensa take magana, shi kuma ya amsa da ƙarfi har maƙwabta su ji. Sun yi gardama a kan ko tsamiya ce ko kurna a gidan da aka haife su, sun lissafa matattu, sun yi dariya a kan wani jaki da ya taɓa kayar da su tare. Baba da nake lallashi ya ci loma uku a gidana, a can har ƙari yake nema.

Ranar komawa na shiga ɗakinsa na ga jakarsa a rataye yadda take.

"Baba, ba ku haɗa kaya ba."

"Zauna, Bukar." Na zauna. "Ka riƙe ni kamar ubanka, kai da matarka. Allah ya yi muku albarka. Amma ita kaɗai ta rage da ta san fuskar uwarmu. In na tafi, ba za mu sake ganin juna ba, ka sani na sani."

"Me zan ce wa mutanen gida?"

"Ka ce ka kawo ni lafiya."

Na so in kawo maganar magungunansa, da likitansa, da ɗakinsa da muka gyara bara. Na duba fuskarsa na ga duk ya riga ya auna su. Na roƙe shi gafara, ya roƙe ni. Ya riƙe hannun Ishaku ya daɗe yana sa masa albarka, Ishaku yana "Amin, Baba, amin."

A Kusuri muka ɗauko motar a gareji, muka sa mata sabon batirin, muka kama hanyar Fotokol. Ishaku ya ƙi zama a kujerar gaba, ya ce ya saba da baya.

Muna shiga tashar Ngala, kafin in kashe mota, wani dogon mutum ya miƙe daga bencin mai shayi ya nufo mu da gudu. Jidda ne. Ashe ranar nan bai tsaya a tasha ba don tsoron kada motar ta mutu da kaya a kai, ya wuce kai tsaye gidansu. Kafin ya sauke iyali ya dawo, mun tafi masauki. Washegari ya zo, mun haye gada. Tun daga ranar kullum yana wurin mai shayin, daga safe har ayarin ƙarshe ya shigo.

Ya kai mu gidan. Rabin rufin sabon kwano ne, rabin sararin sama. Batirinmu yana cikin ɗaki ɗaya tilo mai inuwa, inda jinjirin yake kwana, an ɗora shi a kan turmi an lulluɓe da zane. Ya ce wani ya so ya ara don cajin waya, ya hana.

Mahaifiyarsa ta fito da kwalbar man shanu, ta faɗi wani abu da Larabci. Jidda ya ce, "Na tsohon ne. Ta ce ita ta gan shi ta taga, shi ya ce a cire." Ya karɓi kwalbar ya nufi motar, ya sunkuya ta tagar gaba. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Yana wurin ƙanwarsa, ya ce a can zai zauna."

Ya sauke numfashi. Ya juya ya faɗa wa tsohuwar. Ta gyaɗa kai, ta dubi rufin gidanta da bai ƙarasa ba, ta ce wani abu gajere.

"Me ta ce?"

"Ta ce ashe shi ma gida za shi."